Boli Mai Jan Zare

Duk yaron da ya tashi a layinmu, can gefen birnin Hermosillo, ya san tagar Doña Herminia tun kafin ya san ƙofar makaranta. Ƙaramar taga ce mai ƙarafuna, daidai inda firizarta take, kuma ta nan boli yake fitowa: ruwan 'ya'yan itace a siririyar leda, an ƙulle baki an daskarar, ka ciji kusurwa ka yi ta tsotsa har yatsunka su mutu don sanyi. Da zarar Yuni ya kama, ƙarfen ƙofa ya daina taɓuwa, karnuka suka shige ƙarƙashin motoci, sai ka ga yara sun jeru a inuwar bangonta suna ɗaga ƙafa saboda zafin ƙasa. Nana, wato kaka, suke ce mata dukansu, nata da waɗanda ba nata ba. Iyaye ba sa hana kowa zuwa, don kowa ya san abin da ya fito ta tagar nan ba ya cutar da yaro. Ita ma haka ta yi imani, kuma da tana da ɗan kokwanto ko kaɗan, da abin da ya sami jikanta Tadeo bai same shi ba.

Herminia 'yar ƙauye ce, daga wata gonar kiwo kusa da Ures aka kawo ta birni tana amarya. Mijinta Don Lencho direban bas ne, mai fara'a da tumbi, wanda ba ya karya kumallo sai da lemun kwalba, ba ya cin na rana sai da shi, ya kuma ajiye wani a gefen gado. Ciwon sukari ya fara masa da yatsun ƙafa, ya hau har gwiwa, ya koma kan idanu, ya ƙarasa da ƙoda. Ita ta yi jinyarsa daga farko har ƙarshe, ita take ɗaga shi, ita take wanke miki. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, gida cike da mutane, ta ɗauko gwangwanin sukarin kicin ta juye a kwandon shara a gaban kowa. Masu zaman makoki suka sha kofinsu da ɗacinsa.

Tun daga ranar ta ɗaura yaƙi da sukari, kuma wanda ya fi shan bakinta shi ne Chuy mai kanti, da yake sayar wa yara ƙanƙara ja da shuɗiya mai rina harshe. Ruwan fenti take kiranta. Don ta raba jikokinta da kantin ne ta fara yin boli, sai abokansu suka biyo su, kafin a ankara layi duka ya dawo tagarta. Ba ta wasa da aikin. Ruwa sai ta tafasa shi ya huce. Mangwaro, gwaiba, kankana, abarba, duk sai ta wanke su kamar za a kai su gaban likita. Ta markaɗa, ta tace a rariya, ta zuba da mazurari leda bayan leda. Tana yin na zoɓo, tana yin na tsamiya, tana yin na ayaba da madara don ƙanana. Zaƙin kuwa duk na zuma ne, baƙar zumar daji da wanta Ovidio yake kawo mata daga amyoyinsa na ƙauye a manyan kwalabe, da ɗan kakinta a sama.

Maƙwabciyarta Doña Cuca, wadda ta riƙe mata 'yarta a wurin baftisma, har suke kiran juna comadre saboda haka, ita kaɗai take iya taɓa ta a kan wannan. Kullum da rana tana jingine a tagar tana fifita da kwali.

"Comadre, bolinki fa ba shi da maraba da magani. Mutum ya sha ya rasa ko ya gode ko ya nemi ruwa."

"To ki ci gaba da shan na Chuy. Ni da kaina zan raka ki awon ƙafar roba, na san shagon da ake ragi."

Cuca ta yi dariya ta miƙa hannu, aka ba ta na tsamiya kamar kullum.

Abu biyu Herminia ta riƙe kamar karatun coci. Na farko, zuma magani ce: da ita uwarta ta yi musu maganin tari da ƙuna da ciwon ido. Na biyu, ƙanƙara tana kashe komai. Tana faɗa wa duk uwar da ta tambaya cewa ba ƙwayar cutar da za ta kwana a firizarta ta wayi gari da rai. Ba wanda ya taɓa musa mata, mu ma haka muka ɗauka. Mace ce mai tsabta da taurin kai, irin waɗanda idan suka yi daidai sau da yawa a rayuwa sai kunnensu ya toshe.

Autarta Marisela tana aiki a masana'antar haɗa wayoyin mota, tana fita da sassafe ta dawo da yamma liƙis. Mijinta yana can Nogales yana aikin gini, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Da hutun haihuwarta ya ƙare, ba ta ko yi tunanin gidan raino ba. Wa zai kai ɗansa hannun baƙi alhali uwarsa ce Nanar layi duka? Kullum da safe ta sauke Tadeo da jakarsa da kwalaben nonon da ta tatsa, ta sumbaci uwarta a goshi, ta ruga ta tari motar ma'aikata.

Wata safiya, bayan ta kai shi allurar rigakafi, Marisela ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta kira uwarta yadda ta saba.

"Amá, nas ta ce kada a ba shi zuma sai ya shekara. Ko ɗigo."

"Zuma? Ke da robar tsotsa mai zuma a ciki na raine ki, ga ki nan kin fi ni tsawo."

"Na sani. Amma ta ce akwai wani abu a cikinta da cikin jariri ba ya iya wa. Don Allah, Amá."

"Na ji. Ita nas ɗin 'ya'ya nawa ta raina?"

"Amá."

"Na ce na ji. Tafi kar mota ta bar ki."

Kuma da gaske ta ji. Ta ware wa Tadeo nasa bolin, 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa, ayaba da ruwan dafaffen tuffa kawai, ta ɗaure bakin kowanne da jan zare don kada ya haɗu da na sauran yara. Ta ware masa ludayinsa da mazurarinsa. Marisela ta buɗe firiza ta ga jan zaren a jere a kwanonsu daban, hankalinta ya kwanta, ba ta sake ta da maganar ba.

Sai haƙora suka taso wa yaron a tsakiyar Yuli, lokacin da iska ta tsaya cak, gajimare yana taruwa kan duwatsu kullum da la'asar ya watse bai zubar da komai ba. Tadeo yana da wata bakwai, ƙato ne mai murya, idan ya tsala kuka har kantin Chuy ana ji. Dasashinsa ya kumbura ya yi ja. Ya ƙi nono, ya ƙi barci, ya ƙi bolin jan zare: da ta sa masa a baki sai ya yamutsa fuska ya ture da harshe. Herminia ta goya, ta yi jijjiga, ta yi waƙa, ta jiƙa tsumma ta shafa masa, duk a banza. Ranta ya ɓaci, ba don kukan ba, don a ce wai ita, da yaran layi suke rububin abin hannunta, jikanta na cikinta yana tofar da shi.

Da rana tsaka ne ta tsaya a kicin, yaron yana ihu a kafaɗarta, kwalbar Ovidio tana kan tebur. Ba ta manta da maganar 'yarta ba, kada wani ya ce mantuwa ce. Tunani ta yi, kuma a ganinta tunani mai kyau. Nas ɗin ɗanyar zuma take nufi, ta cokali, wadda ake lasa wa yaro kai tsaye. Wannan kuwa za ta kwana a firiza ta zama dutse. Ko me ke cikinta, ba zai kai safe ba. Ta tsoma cokali, ta juya a cikin ayabar, ta zuba a leda, ta ɗaure da jan zare kamar kullum.

Washegari Tadeo ya kama bolin da hannu biyu ya yi ta tsotsa yana gurnani. Ya yi barci har da minshari. Marisela ta dawo ta same shi yana dariya, ta ce wa uwarta hannunta dai akwai albarka. Herminia ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga gajiyar da ke fuskar yarinyar, ta ce a ranta me za a ta da rigima a kan abin da ya riga ya yi amfani. Ta bar shi sai wani lokaci. Kullum tana ba shi ɗaya da hantsi, ɗaya da la'asar, kuma gidan ya yi shiru.

Shirun ne ya fara yi wa Cuca yawa. Ta leƙo ta taga wata rana ta ce ina mai jiniyar nan, kwana biyu ba ta jin sa. Herminia ta ce ai ta samo maganinsa. Amma ita ma ta lura da wani abu da ba ta faɗa ba: kwanaki ke nan tana buɗe ƙunzugunsa ba ta ganin bahaya. Ta ɗora laifin a kan zafi da ayaba. Cikin yaro idan ya ɗaure, a ƙauyensu abu ɗaya ake ba shi. Da ta zo haɗa na gaba sai ta rage ayabar, ta sa gwanda, ta ƙara zuma cokali guda.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a hankali, kowanne da uzurinsa. Ya rage shan nono, aka ce zafi ne, manya ma ba sa cin abinci a wannan wata. Yana daɗewa a kan kwalba ɗaya, nonon yana gangarowa ta gefen bakinsa, aka ce haƙori ne. Fatar idonsa ta yi nauyi kamar mai jin barci kullum, Marisela ta ce ramuwar barcin da bai yi ba ne. Jikinsa ba zafi, ba ya amai, ba ya zawo, to me za a kai wa likita? Cuca ta shafa tsakar kansa ta ce maɗigarsa ce ta faɗa, a kai shi wurin wata tsohuwa a bayan kasuwa ta ɗaga masa da yatsa ta cikin baki. Herminia ta ce ba mai sa wa jikanta yatsa a baki. Amma da Cuca ta tafi, ta daɗe tana kallonsa a shimfiɗe. Yaron da yake harba ƙafa har ya ture matashi, yanzu inda ta ajiye hannunsa nan yake zama. Ta yi masa wasan da yake so, na ɓuya a bayan tsumma, idanunsa suka bi ta, fuskar ba ta motsa ba.

Tsoro ya shige ta a ranar, kuma ta san ta inda ya shigo. Ta buɗe firiza ta kalli kwanon jan zare, tururin sanyi yana dukan fuskarta. Ta ɗauki ɗaya ta matsa, tauri kamar ƙashi. Me zai rayu a cikin wannan? Ta mayar ta rufe. Yara suna ƙwanƙwasa ƙarfen taga suna kiran Nana, ta je ta sallame su, har ta ba mai neman zoɓo na mangwaro.

Kashegari da hantsi ta ɗauke shi daga shimfiɗa, kansa ya faɗa baya kamar na sabon haihuwa. Ta tallafe shi ta sa masa boli a baki, leɓɓansa ba su kama ba. Ruwan ya taru a bakinsa bai haɗiye ba, sai da ta kifa shi ya zubo. Sa'an nan ya yi kuka, wata 'yar siririyar murya kamar ta ɗan kyanwa a bayan ƙofa. Ta kira masana'anta ta ce a gaya wa Marisela ta same ta a asibitin yara yanzu. Cuca ta tsayar da tasi. Herminia ta zari jakar yaron, kuma saboda hannu ya saba, ta jefa boli ɗaya a ƙaramar kula ta saka a ciki, don ko zai nema a hanya.

A asibiti ba su yi layi ba. Nas ɗin bakin ƙofa ta kalli yadda yake lilo a hannun kakarsa, ta karɓe shi ta wuce ciki da sauri. Marisela ta iso da rigar aiki, gashinta duk gumi. Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Marisela ba. Ta haska masa ido, ta sa masa yatsa a baki ta jira ya tsotsa, ta ɗaga hannunsa ta saki ya faɗi. Ta sa kunne a ƙirjinsa ta daɗe. Ta tambayi yaushe rabonsa da bahaya, ko ya faɗi, ko akwai magungunan manya a inda hannunsa yake kaiwa, ko ana feshin ƙwari a gidan. Marisela tana amsawa tana kuka. Sai likitar ta ɗago.

"An taɓa ba shi zuma? Ko a robar tsotsa, ko a shayi, ko lasawa?"

"A'a," in ji Marisela. "Ko sau ɗaya. Mahaifiyata ce take riƙonsa, nasa abincin daban take yi, har zare take ɗaura masa." Ta juyo. "Ko ba haka ba, Amá?"

Ba tambaya ba ce, neman shaida ne, irin wanda 'ya take yi wa uwar da ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Likitar ta riga ta juya ga nas tana cewa to a shirya ɗibar ruwan ƙashin bayansa, a kira masu hoton kai, a fara neman wani abin. Herminia ta ga inda za su nufa, ta ga lokacin da za a ɓata a can, ga ƙirjin yaron yana ɗagawa da ƙyar kamar an ɗora masa wani abu. Ta ga kuma fuskar 'yarta. Sai ta durƙusa ta zuge jakar, ta buɗe kular, ta ɗauko bolin. Ya fara narkewa, jan zaren ya jiƙe. Ta ajiye shi a kan teburin likita.

"Akwai a ciki," ta ce. "Tun da haƙoransa suka taso. Amma a daskare yake, likita. A firiza yake kwana."

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce abin da ke ɓuya a zuma ba ya jin sanyi, barci kawai yake yi a ƙanƙara, sai ya sami cikin jariri ya farka ya riƙa kashe masa jijiyoyi daga sama zuwa ƙasa, kuma yanzu ya kusa kai wa ga numfashi. Ta ce wa nas a bar ɗibar ruwan, a kira ɗakin kulawa ta musamman. Aka tura gadon da gudu. Marisela ta bi su. A bakin ƙofa ta waiwayo sau ɗaya ta kalli uwarta, ƙofar ta rufe.

Kafin la'asar na'ura ce take yi masa numfashi. Makonni ya yi a haka, ana ba shi nono ta bututu a hanci. Herminia tana zuwa kullum ta zauna a benci a waje da carbinta na coci, ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce ta shigo. Ruwan sama ya sauka a ƙarshe, tituna suka cika, tagar tana rufe. Ovidio ya zo da sabuwar kwalba bai san abin da ake ciki ba, ya koma da ita. Yatsan ƙafa Tadeo ya fara motsawa, daga baya hannu, can kuma wata safiya ya tsala kukan da ya ta da ɗakin duka, nas-nas suna ta murna. Ta bango Herminia ta ji shi.

Ya rayu, kuma ba abin da ya nakasa a jikinsa. Marisela ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya a kan maganar ba, ba ta ma taɓa ambatarta ba. Ta dai sa shi a gidan raino kusa da masana'anta, ta ce ya fi mata sauƙin hanya. Herminia ta sake buɗe taga da bazara ta zagayo, don yara sun dame ta, sai dai yanzu duk wanda ya nemi biyu sai ta tsare shi ta tambayi wa zai kai wa ɗayan, kuma watansa nawa.

Wata Lahadi a Yunin nan Marisela ta kawo shi. Yana tafiya da ƙafarsa, ya wuce shekara da watanni, zuma ma yanzu ba abin da za ta yi masa. Duk da haka Herminia ayaba da tuffa zalla ta haɗa masa tun jiya, a sabon kwano, da sabon cokali, ta ɗaure da jan zare. Ta fito da shi ta sunkuya tana miƙa masa. Yaron ya washe baki ya taho da hannu a buɗe. Marisela ta riga shi, ta karɓa a hankali daga hannun uwarta.

"Ya ƙoshi, Amá. Na taho masa da nasa."

Ta ajiye bolin a faranti, ta ciro wani abu daga jakarta ta ba shi. Suka zauna suna hirar zafi da tsadar wuta, da ƙafar Cuca da ta fara kumbura. Bolin yana tsakaninsu a kan tebur har ya koma ruwa a ledarsa, Herminia tana kallonsa, ba ta tashi ta mayar da shi firiza ba.